Za ni Paris: wane gidan burodi zan shiga, kuma me ya halatta in ci?

Tambaya: Ni mai sana'ar kek ce a Kano. Zan kai wa yayata ziyara a Paris, kuma ina so in shiga ɗaya daga cikin manyan gidajen burodin Faransawa da muke gani a Instagram. Ta yaya zan gane na ƙwarai, me zan saya, kuma ta yaya zan kauce wa abin da bai halatta gare ni ba?

Amsa: Malama, Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki iske Yaya da iyalinta ƙalau. Ni a Yamai na fara riƙe kwaɓi, garin da dogon burodin Faransawa, baget, ya zama abin karin kumallon kowa tun zamanin mulkin mallaka, daga baya na je Faransa na ƙaro sani a bakin tandar masu abin. Shawarata guda ce, duk sauran maganar bayaninta ne. In kin shiga shagon, ki ɗauke kai tukuna daga kek ɗin nan masu sheƙi da aka jera cikin gilashi, ki fara da abin da ya fi kowanne rashin ado: baget ɗaya da croissant ɗaya, wato ɗan burodin man shanu mai shimfiɗa-shimfiɗa. A nan ake gane gwanin gashi, nan ne kuɗinki zai fi yi miki aiki, kuma nan ne hankalinki zai fi kwanciya ta fuskar addini.

Tun kafin ki taka ƙofa, ki ɗaga kai ki karanta allon shagon. A Faransa ba kowa ke da ikon rubuta boulangerie, wato gidan burodi, a goshin kantinsa ba. Dokar da aka yi a watan Mayun 1998 ta ce sai wanda ya kwaɓa fulawarsa da kansa, ya bar ta ta tashi, ya mulmula, ya gasa, duk a wurin da yake sayarwa, kuma bai taɓa daskarar da kwaɓin ko burodin a injin ƙanƙara ba. Wanda ake kawo wa burodi daga masana'anta yana ɗumamawa kawai, sai dai ya nemi wani suna. Shi ya sa za ki ga shaguna masu kyawun fenti da fitilu, an zana zangarniyar alkama a jikin gilashi, amma ki duba sama da ƙasa ba ki ga wannan kalma ba. Ba mantuwa suka yi ba.

Baget ɗin ma iri biyu ne, ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai na yau da kullum, akwai wanda ake kira tradition, shi nake so ki nema. A watan Satumban 1993 gwamnati ta fitar da ƙa'idarsa, bayan shekarun da burodin injin ya nemi kashe ɗanɗanon na hannu: fulawar alkama, ruwa, gishiri, da yis ko tsohon kullu mai tsami, shi ke nan. Ba a zuba masa sinadaran gyaran kwaɓi da masana'antu ke amfani da su, ba a daskarar da shi. An dai yarda da ɗan garin wake da na waken soya da na tsiron alkama, kaɗan ƙwarai. Tunda ba abin da zai rufa wa mai gashi asiri, sai ya dogara da lokaci. Ana barin kwaɓin ya yi sa'o'i yana tashi a hankali, wasu ma su kwanar da shi a ɗakin sanyi, a nan ƙamshin yake samuwa.

Ga yadda za ki gwada shi, ke da kika san tanda. Ki matsa shi kaɗan kusa da kunnenki, ɓawon zai yi ƙara ƙaras-ƙaras. Ki juya bayansa: idan kika ga ɗige-ɗige a jere kamar an ɗora shi a kan raga, to a tire mai huji aka gasa shi, alamar aikin gaggawa ke nan, na ƙwarai a kan dutsen tanda ake shimfiɗa shi, bayansa sumul da ɗan garin fulawa. Sai ki karya. Cikinsa bai kamata ya yi fari fat ba, ya kamata ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, da ramuka manya da ƙanana barkatai, yana ɗan danƙo a haƙori. Mu da muka saba da burodi mai sikari da taushi, karon farko za ki ji kamar ba a gama shi ba, ko ki ce ya yi tauri. Ki ƙara gutsura. A loma ta uku za ki fara jin zaƙin alkamar kanta.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne wannan burodi, da UNESCO ta saka sana'arsa cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2022, bai kai kuɗin tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. A mafi yawan unguwannin Paris tsakanin Yuro 1.20 da 1.50 ake sayar da shi, wato ƙasa da sefa dubu ɗaya, tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne. Ko a shagon masu hannu da shuni ba ya yin nisa da haka, domin Bafaranshe zai yafe tsadar komai ban da ta burodi.

Hukumar birnin Paris tana shirya gasar baget mafi kyau kowace shekara tun 1994. Ana auna tsawonsa da nauyinsa da gishirinsa, alƙalai su ɗanɗana ba tare da sanin na wane ne ba, wanda ya ci ya karɓi kyautar kuɗi, kuma shi zai riƙa kai wa fadar shugaban ƙasa ta Elysee burodi tsawon shekara. Ki duba waɗanda suka ci. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya ci sau biyu, 2010 da 2015, a shagon Le Grenier à Pain da ke titin Abbesses a Montmartre. Ridha Khadher a 2013 da Mahmoud M'seddi a 2018, dukansu tushensu Tunisiya. Tharshan Selvarajah, mutumin Siri Lanka, ya ci a 2023 daga unguwa ta 20, can gabashin gari inda talakawa da baƙi suka fi yawa. Na kawo miki su ne don ki san cewa sau da yawa burodin da shugaban Faransa ke ci daga ƙaramin shagon unguwa yake fitowa, ba daga inda masu yawon buɗe ido ke jan layi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Waɗanda suka ci gasar sukan manna shaidar a gilashin ƙofa, sai ki riƙa lura.

Croissant kuwa sai kin buɗe ido, saboda dokar 1998 ɗin nan burodi kaɗai ta kama, ba ta kai gare shi ba. Mutum zai iya gasa baget ɗinsa na gaskiya, amma croissant ɗinsa daskararre ne a kwali daga masana'anta, ya jera a tire da asuba ya sa a tanda, kuma bai karya doka ba. Da yawa haka suke yi, don aikin yana cin lokaci da ma'aikaci. Ana shimfiɗa faifan man shanu mai sanyi a cikin kwaɓi, a murza, a ninke uku, a mayar firiji, a sake, har sau uku, sai a samu shimfiɗar mai 27 tsakanin siraran shimfiɗun kwaɓi. A cikin tanda ruwan da ke jikin man ya zama tururi ya ɗaga kowace shimfiɗa daban. Idan kika yanka na ƙwarai za ki ga cikinsa rami-rami a murɗe, ɓawonsa na zuba a cinyarki, ƙamshin man shanu ya riga shi isa hancinki, kuma ba zai bar miki maiƙo manne a dasashi ba. Na masana'anta za ki gan su duk kai ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da ɗan kauri. A al'ada, miƙaƙƙe shi ne na man shanu zalla, lanƙwasasshe mai siffar jinjirin wata na man gwangwani ne. Al'ada ce ba doka ba, don haka ki ce croissant au beurre da bakinki. Kuma ba laifi ki tambaya ko a nan suke yin sa: “C'est fait maison?” Wanda ke yi da hannunsa zai amsa miki da fara'a tun kafin ki rufe baki.

Shiga shagon ma yana da ladabinsa. Da kin sa ƙafa ki ce “Bonjour”, ki maimaita wa mai sayarwa in layi ya zo kanki. A wurinsu wanda ya fara da oda ba gaisuwa marar tarbiyya ne, kuma mu ma haka muke gani, don haka wannan ba zai ba ki wuya ba. Abin da zai ba ki wuya shi ne gaisuwar a nan take tsayawa, ba tambayar gida ba tambayar gajiya. Ba a ciniki, ba gyara, ba a taɓa kaya da hannu, nunawa ake yi. Ki yanke shawarar abin da kike so tun kina cikin layi, domin na bayanki yana sauri ne zai tafi aiki. Ki ce “Une tradition, s'il vous plaît”. Za a iya tambayarki ko kina son wanda ya gasu sosai, bien cuite, ko mai ɗan haske, pas trop cuite. Ni dai na farkon nake zaɓa, ɗanɗanon yana cikin ɓawon da ya yi ja. Mai sayarwa za ta ce “Et avec ceci?”, tana nufin sai me kuma, in kin gama ki ce “Ce sera tout, merci”. Idan shagon na da kujeru, farashin ci a wurin yakan ɗara na tafiya da shi. In kina son ɗaukar hoto, ki nemi izini, musamman in fuskar ma'aikata za ta fito.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci a tambayarki. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, amma abin da ke cikin kwano aikina ne, zan faɗa miki shi dalla-dalla.

Abubuwa uku ne za ki kiyaye: naman alade, giya, da jelatin. Na farkon ya fi sauƙin ganewa, don yana ɓangaren kayan gishiri. Duk inda kika ga an rubuta jambon ko lardons, alade ne. Sanwicin da Faransawa suka fi ci, jambon-beurre, shi ne baget da man shanu da yankan alade. Quiche lorraine da croque-monsieur ma haka. Wani lokaci a kan cusa gutsattsarin naman cikin burodin kansa, sai ki gan shi kamar burodi mai zaitun, don haka duk burodin da kika ga ɗigo-ɗigo a jikinsa ki karanta ɗan katin da ke gabansa.

Giya ta fi ɓuya. Baba au rhum sunansa ma ya tona shi: bayan an gasa shi ake tsoma shi cikin ruwan sikari da giya har ya sha ya ƙoshi, babu zancen wuta ta ƙone ta. Canelé, ɗan ƙaramin kek mai duhun baya na garin Bordeaux, da giyar rum ake kwaɓa shi tun asali. Kek ɗin forêt noire da na fraisier sau da yawa ana jiƙa su da giyar kirsch. Croissant mai almon, wanda baƙi ke rububinsa, na jiya ne ake tsomawa a ruwan sikari a cika shi da kirim a sake gasawa, kuma gidaje da yawa suna ɗiga rum a ruwan ko a kirim ɗin. Burodi mai zabibi ma wasu sukan jiƙa zabibin a giya. In tafiyarki ta faɗo a Janairu za ki ga galette des rois ta cika ko'ina, ita ma kirim ɗinta yakan zo da rum. Kada kowa ya ce miki ai gashi yana korar giya duka. Yana rage ta, ba ya ƙarar da ita.

Jelatin kuwa shi ne babban tarkon, kuma daidai inda idonki zai fi so yake. Kek ɗin nan masu santsi kamar an zuba musu gilashi, masu laushin kumfa a ciki, jelatin ne ke riƙe da su, ciki da waje. Mafi yawan jelatin da ake aiki da shi a Turai daga fatar alade ake samo shi. Akwai na saniya, akwai na kifi, akwai masu amfani da pektin na 'ya'yan itace ko agar na ciyawar teku, amma ba za ki gane da ido ko da harshe ba. Har tart ɗin 'ya'yan itace, wannan sheƙin da ke saman strobari wani lokaci pektin ne, wani lokaci jelatin. Doka ta wajabta wa shago ya tanadi bayanin abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su alkama, ƙwai, madara da gyaɗa, sai dai alade da giya ba sa cikin jerin. Saboda haka takardar ba za ta wadatar da ke ba, sai kin tambaya: “Est-ce qu'il y a de l'alcool? De la gélatine de porc?”, wato akwai giya ko jelatin na alade a ciki? Kada ki ji nauyi. Musulmi miliyoyi ne a Faransa, masu sayarwa sun saba da wannan tambaya. In yarinyar kanti ta yi jim, ki roƙe ta ta leƙa ciki ta tambayi mai haɗawa. In ta ce miki “ina jin babu”, ki bar shi. Kuma ko mai shagon Musulmi ne ki tambaya, don wasu suna bin girkin gargajiya ne saboda abokan cinikinsu.

Kin ga dalilin da ya sa na ce ki fara da marasa ado. Baget tradition doka ta riga ta faɗa miki abin da ke cikinsa. Croissant au beurre da pain au chocolat fulawa ne da man shanu da madara da sikari da yis, na biyun da sanda biyu na cakulan. Chausson aux pommes tuffa ce dafaffiya cikin kwaɓi mai shimfiɗa. Kouign-amann na yankin Bretagne man shanu ne da sikari da aka gasa har suka zama alewa a jikin kwaɓi. Flan madara ce da ƙwai da banila. Waɗannan duka da wuya ki ci karo da matsala a cikinsu, ko da yake tambaya ba ta ɓata komai.

In sunaye kike so, zan fara tura ki Poilâne, lamba 8 a titin Cherche-Midi, unguwar Saint-Germain-des-Prés. Pierre Poilâne ya buɗe shi a 1932, ɗansa Lionel ya kai sunan duniya, da ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a 2002 'yarsa Apollonia ta karɓi ragama tana da shekara 18. Shagon ɗan ƙarami ne, ba ƙyale-ƙyale, tandar itace tana ƙarƙashin ƙasa. Abin da suka shahara da shi ƙaton burodi ne zagayayye mai kusan kilo 2, da harafin P a tsage a bayansa. Ba yis ɗin kanti ke tayar da shi ba, ragowar kwaɓin baya ne, kamar yadda mai waina ke barin ɗan tsohon kullu ya tayar mata da sabo. Yana da tsami-tsami, yana da nauyi, kuma ba dole ki sayi guda ba, suna yanka rabi ko kwata ko 'yan yanka kaɗan.

Du Pain et des Idées, a titin Yves Toudic kusa da mashigin ruwan Saint-Martin, ya cancanci tafiya ko don ginin, tsohon shago ne na ƙarni na 19 mai zanen rufi da madubai, wanda Christophe Vasseur ya farfaɗo da shi a 2002. Ki nemi naɗaɗɗen burodin nan nasu mai fistashiyo da cakulan. Stohrer a titin Montorgueil shi ne gidan kayan zaƙi mafi tsufa a Paris, tun 1730, wanda ya kafa shi ya yi wa matar Sarki Louis na 15 aiki. Ki shiga ki sha kallo, titin ma kasuwa ce mai daɗin zagayawa, amma ki sani abin alfaharin gidan shi ne baba au rhum ɗin da na hana ki.

Manyan gidajen kek irin su Ladurée da Pierre Hermé da Cédric Grolet, waɗanda na tabbata su kike gani a waya, ba zan ce kada ki je ba. Aikinsu aiki ne, musamman 'ya'yan itacen Grolet da za ki rantse daga bishiya aka tsinko su. Sai dai kek ɗaya na mutum ɗaya a irin waɗannan wurare zai iya cin kuɗin baget goma, layin na iya cinye miki safiya, kuma nan ne tambayar jelatin ta fi zama dole. Wani kaso na abin da kike biya kuɗin haya ne da kwali da suna. In don sana'arki ne, ki sayi guda ɗaya bayan kin tambaya, ki kai gida, ki yanka shi biyu da wuƙa mai kaifi, ki zauna ki karanci yadda aka jera cikinsa. Za ki lura sikarinsu bai kai namu ba, kuma kusan kullum akwai abu mai ɗan tsami ko mai ƙaras-ƙaras da aka sa don ya karya zaƙin.

Lokacin zuwa yana da tasiri. Croissant na safe ne, tsakanin bakwai da goma. Na la'asar ya riga ya saki jiki. Baget ana gasa shi sau da yawa a yini, akwai fitowar yamma wajen biyar zuwa bakwai lokacin da mutane ke komawa gida, kuma ranar da aka gasa shi ake cinye shi, washegari ya zama sanda. Yawancin shaguna suna rufewa yini ɗaya a mako, wasu ma biyu, kuma a watan Agusta da yawa sukan kulle su tafi hutu na makonni, don haka ki sa Yaya ta duba miki kafin ki hau jirgi zuwa wata unguwa.

Tsarabar Kano kuwa, kada ki wahalar da kanki da croissant ko baget, ba za su kai ba. Makaron, ɗan biskit ɗin almon mai kirim a tsakiya, shi ma ba ya son zafi da jijjiga. Burodin Poilâne yana yin kwanaki a naɗe cikin ƙyalle, biskit ɗinsu na man shanu da ake kira punitions yana jure tafiya, haka ƙananan kek ɗin madeleine da busassun biskit na gwangwani. In kuma kin dawo da niyyar gwada croissant a kicin ɗinki, matsalarki ba fulawa ba ce, zafi ne. Man da suke murzawa yana da kitse kashi 82 zuwa 84 cikin ɗari, kuma dole ya kasance da sanyi amma yana lanƙwasuwa lokacin ninki. Da ɗakin ya haura digiri 27 ko 28 sai ya narke ya shige cikin kwaɓin, ki tashi da burodi mai maiƙo. Ki bari sai hunturu, ki yi aikin da asuba, ki mayar da kwaɓin firiji na aƙalla rabin sa'a bayan kowane ninki.